Raken Dallol Mawri da Sunan da Yake Ɓata a Hanya

A gabashin Faransa, kusa da iyakar Suwizalan, akwai wani ɗan yanki mai suna Jura inda ake yin farar giyar inabi. An daɗe ana sayenta da arha, don idon duniya yana kan Bordo da Burgoni. A 1936 garin Arbuwa na wannan yanki ya shiga sahun farko na wuraren da hukuma ta kare wa suna, aka ƙayyade irin inabin da za a shuka da iyakar gonakin. Wata giyarsu sai ta yi shekara 6 da wata 3 a ganga kafin a yarda a kira ta da sunanta. Giya haramun ce a wurinmu, babu ja a kan wannan. Abin dubawa shi ne dabarar, wato yadda manoman lungu suka ɗaure sunan ƙasarsu a jikin amfanin gonarsu har ya zama kuɗi.

Raken Dallol Mawri yana cikin halin da Jura ta fito. Wannan kwari na Nijar da ya ratsa ƙasar Arewa, ya bi ta gundumar Tibiri zuwa Junju da Gaya, ruwansa kusa yake, shi ya sa fadamunsa ke riƙe rake har cikin rani. Mai shan rake ya san nagari tun daga wuƙa: ɓawo ya kankaru ba gardama, gaɓa doguwa, ruwa ya cika baki, tuka ta fito fara tas. Amma da an ɗaure dami an loda a mota, sunan fadamar ya faɗi a hanya. A Yamai rake ne kawai, na kirki da na banza kuɗi ɗaya, manomin da ya sha wahalar taki da ban ruwa bai ga ladan wahalarsa ba.

Za a ce wannan tsarin Turawa ne. To, ai ya iso gida. Hukumar OAPI mai rajistar irin waɗannan sunaye, wadda Nijar ke cikinta, ta yi wa farar zumar Oku da barkonon Penja na Kamaru rajista a 2013, daga baya kilishin Nijar da albasar Galmi suka bi. Kuma Bahaushe bai jira takarda ba kafin ya ce gishirin Bilma ko jar akuyar Maraɗi.

Sukar da ta fi nauyi ita ce rake ba ya ajiyuwa. Giya tana ƙara daraja da shekaru, shi kuwa daga ranar da aka sare shi zaƙinsa ke raguwa. Gaskiya ne, kuma a ganina nan aikin yake. Mutanen Maƙarfi a ƙasar Zazzau sun daɗe da matse rake su dafa ruwan ya zama mazarƙwaila, mai jure wata da watanni da doguwar tafiya. A kan irin wannan dunƙule ake iya buga suna. Sai dai sunan yana zuwa da sharaɗi mai ɗaci: manoman kwarin, irin na Dumega da Gecheme, su zauna su yarda da irin da za a dasa da lokacin sara, su kuma iya hana ɗan'uwansu saka sunan dallol a kan raken da bai nuna ba.