Zagaye Ɗaya Babu Awo: Tseren Mita 400 a Filayen Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni

A zango na biyu na shekarar karatu, kafin zafin bazara ya kankama, makarantun Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da Hausawa da Darmanawa a birnin Kano kan yi gasar wasanni tsakanin gidajen ɗalibai, wadda yara da malamai ke kira intahawus. A kafa rumfuna, a zana layuka da farar ƙasa ko toka ko baƙin mai, 'yan gidan ja da na kore da na shuɗi su yi maci a gaban babban baƙo. Tseren mita 100 shi ne ɗan gata, kowane yaro yana so. Tseren zagaye ɗaya kuwa, wanda ake rubuta masa mita 400 a takardar tsarin biki, sai malamin gida ya haɗa da lallashi kafin ya samu mai shiga. Yadda yake gudana kusan iri ɗaya ne a ko'ina: ana busa usur wani yaro ya fizga kamar an biyo shi, ya ba sauran tazara, 'yan gidansu su ɓarke da ihu. Kafin ya fita daga kwana ta ƙarshe ƙafafunsa sun yi nauyi, kai ya koma baya, hannuwa na dukan iska. Wani da ba a lura da shi ba ya zo ya wuce shi. A bakin layi a tare shi, a kwantar, a yi masa fifita da kwali, a zuba masa gulukos a tafin hannu. 'Yan kallo su ce ba shi da juriya.

Ba rashin juriya ba ne. Abin da ya same shi yana samun zakarun duniya, bambancin kawai su sun san lokacin da zai zo, sun kuma yi masa tanadi. A cikin tsoka akwai wani ɗan ajiyayyen makamashi da jiki ke ɗiba nan take, amma bai kai na sakan 10 ba a gudu mai tsanani. Idan ya ƙare, tsoka ta koma ƙona sukari da saurin da iskar numfashi ba ta iya cim masa, kuma wannan ƙonawa tana barin tsami a cikin nama da jini. Tsamin nan yana taruwa, daga wajen sakan 30 ya fara hana tsoka amsa kira. Mai gudun mita 100 ya gama kafin hakan ta faru. Mai gudun famfalaƙi ba ya kai saurin da zai jawo ta. Mai mita 400 ne kaɗai aka ɗora wa ya yi gudu kusa da iyakar ƙarfinsa har ya shiga wannan hali, sannan ya ci gaba da gudu a cikinsa.

Dubi gudun da ya fi kowane sauri a tarihi. A gasar Olamfik ta Riyo a 2016, Wayde van Niekerk na Afirka ta Kudu ya gama a sakan 43.03, ya karya bajintar Michael Johnson ta 43.18 da ta tsaya tun 1999. Da aka rarraba gudun nasa, mita ɗari na farko ya ci masa kimanin sakan 10.7, na biyu 9.8, na uku 10.5, na ƙarshe 12. Ke nan shi ma ya rage sauri, ragewa mai yawa. Wanda ake gani kamar ya ƙara wuta a miƙe ta ƙarshe, a gaskiya shi ne wanda saurinsa ya fi jinkirin zubewa. Masu zuwa filin sukuwa sun san wannan lissafi: mahayin da ya saki linzami tun daga tashi, dokinsa zai ba shi kunya a gaban rumfa. A tseren mita 400 mutum ɗaya ne doki, shi ne kuma mahayi, ga shi babu halin ya ja linzamin da yawa, domin tazarar da aka ba shi a rabin farko ba ta ramuwa. Gwanaye kan yi mita 200 na farko ƙasa kaɗan da iyakar saurinsu, su yarda rabi na biyu ya fi shi da sakan ɗaya zuwa biyu. Wannan rabon ƙarfi shi ne ilimin tseren gaba ɗaya, kuma ba a koyonsa da baki. Sai an yi ta maimaita mita 200 da 300 da 350 ana duba agogo, har jiki ya gane bambancin sakan 25 da sakan 27 ba tare da an faɗa masa ba.

A nan ne matsalar filayenmu take. Agogo ba ya da amfani idan ba a san tsawon abin da aka gudu ba. Cikakken fagen tsere yana da miƙe biyu, kowace mita 84.39, da kwana biyu masu zagaye, jimla mita 400 a layin ciki. Babban filin ƙwallo mai mita 105 a kan 68 yana shiga cikinsa har da rara. Idan ka bi gefen irin wannan babban fili ka zagaye shi, mita 346 ka yi. To filin makarantar unguwa nawa ne ya kai wannan girma? Zagayen da ake kira mita 400 a yawancin intahawus yana iya zama 250, yana iya zama 300, kuma bana ba lallai ya yi daidai da na bara ba, tunda malamin da ya zana shi da taku ya auna. Yaro zai ci kofi shekara uku a jere bai san ko shi ɗan sakan 52 ne ko ɗan sakan 62 ba. Tsakanin waɗannan lambobi biyu kuwa akwai rayuwa iri biyu: ɗaya koci zai taso daga wata jiha ya gan shi, ɗaya kuma yaro ne mai lafiya kawai.

Sai batun layi. Faɗin kowane layi mita 1.22 ne, don haka na waje ya fi na ciki tsawo da fiye da mita 7 a zagaye guda. Shi ya sa ake jera masu gudu hawa-hawa, har wanda ke layi na takwas ya tsaya kimanin mita 53 gaban na layin farko, kowa kuma ya zauna a layinsa har ƙarshe. Ba haka aka fara ba. A Olamfik ta Landan a 1908 babu layuka, kuma a zagayen ƙarshe alƙalai suka ce Ba'amurke John Carpenter ya tare wa ɗan Birtaniya Wyndham Halswelle hanya. Aka soke tseren, aka ce a sake. Sauran Amurkawa biyu suka ƙi fitowa, Halswelle ya zagaya fili shi kaɗai ya karɓi zinare. Daga gasar 1912 aka koma gudu a layuka. A filayen unguwa har yau tseren 1908 ake yi: a jera yara a layi ɗaya, ana busa usur kowa ya yanko ciki, mai gwiwar hannu ya samu wuri, mai kunya ya zagaya ta waje ya ƙara wa kansa mita goma ko fiye. Kuma ana asarar wani abu da jerin hawa-hawa ke koyarwa, wato gudu ba tare da ganin abokin hamayya ba. Van Niekerk a layi na takwas ya kafa tarihinsa, bai ga kowa a gabansa ba daga tashi har ƙarshe. Agogon da ke cikin kansa ya bi, wanda kocinsa Ans Botha, tsohuwa mai shekara 74 a lokacin, ta ɗaura masa.

Me ya sa babu fage? Lissafin ƙasa ne. Fage mai layi takwas yana cin kusan mita 177 a kan 93, wato fuloti 35 na ƙafa 100 a kan 50. Duk wanda ya san abin da fuloti ɗaya ke yi a kan Titin Kotu ko Titin Zariya ko Titin Gidan Zu, ya san cewa fili irin wannan ba ya kwana lafiya a ƙaramar hukumar Tarauni da ƙidayar 2006 ta ba ta mutum sama da dubu 220. Makarantun gwamnati da aka yanka wa manyan filaye a da, ƙarin azuzuwa da shagunan jikin katanga sun rage su. Makarantun kuɗi da yawa a gidajen zama suke, tsakar gidan ko taron safe ba ta ɗauka, sai ranar intahawus su ari fili ko su yi haya, bayan atisayen mako biyu. An dai fafe gora ranar tafiya. Filin wasa na Sani Abacha a Ƙofar Mata yana da fagen gudu kewaye da ciyawa, kuma daga Gyaɗi-Gyaɗi ba wata tafiya ba ce a Adaidaita Sahu, amma a idon yaron Kano wurin na Sai Masu Gida ne, wato ƙungiyar ƙwallo ta Kano Pillars. Ya san shekarun da Pillars ta ci kofin ƙasa, 2008 da 2012 da 2013 da 2014. Layukan da ke gefe kuwa wurin tsayuwar 'yan sanda da masu ɗaukar hoto ne.

Abin takaicin shi ne, idan akwai tseren da Najeriya za ta ce nata ne, to wannan ne. A Los Anjalas a 1984, Sunday Uti da Moses Ugbusien da Rotimi Peters da Innocent Egbunike sun ci tagulla a tseren miƙa sanda na mita 400 sau huɗu. Egbunike ya yi 44.17 a Zurik a 1987, lambar da ta shafe sama da shekara 30 babu ɗan Najeriyar da ya taɓa ta. A Atlanta a 1996 Falilat Ogunkoya ta ci tagulla da 49.10, sannan ita da Olabisi Afolabi da Charity Opara da Fatima Yusuf suka ɗauko azurfa a miƙa sanda. Mutane da yawa a Arewa sun ɗauka Fatima tamu ce saboda sunanta, alhali 'yar Owo ce ta Jihar Ondo. A Sidni a 2000, Clement Chukwu da Jude Monye da Sunday Bada da Enefiok Udo-Obong sun zo na biyu, daga baya ɗaya daga cikin Amurkawan da suka zo na ɗaya, Antonio Pettigrew, ya amsa cewa ya yi amfani da haramtattun ƙwayoyi, aka mayar wa Najeriya zinaren a 2012. Bada, wanda a Kaduna aka haife shi, ya rasu a Disamban 2011, bai ga wannan rana ba. A Atina a 2004 aka sake cin tagulla da James Godday da Musa Audu da Saul Weigopwa da Udo-Obong. Lambobin Olamfik biyar ke nan daga zagaye ɗaya. Ƙwallon ƙafa, wadda ta cinye mana filaye da kasafi da hirar majalisa, uku ta kawo: 1996 da 2008 da 2016. Hatta Lee Evans, Ba'amurken da ya yi 43.86 a Meziko a 1968, shekaru ya yi yana horar da 'yan gudu a Najeriya, kuma a Legas ya rasu a 2021.

Masu cewa jikin ɗan Arewa na dogon gudu ne kawai, ko na dambe da kokawa, sai su dubi Samuel Ogazi, wanda ya taso a Kaduna. A Faris a 2024, yana ɗan shekara 18, ya yi 44.41 ya shiga zagayen ƙarshe na Olamfik, namiji ɗan Najeriya na farko da ya kai nan tun bayan Egbunike a 1988. Jami'ar Alabama da ke Amurka ba ta ɗauke shi don an ce mata yaron nan akwai gudu ba. Lamba ta gani, wadda aka auna a fage na gaskiya, a gasar da aka yarda da agogonta. Kaduna tana da filin Ahmadu Bello, ta kuma karɓi baƙuncin gasar wasanni ta ƙasa a 1977 da 2009. Ita ma Botsuwana, da yawan mutanenta bai kai na birnin Kano ba, a gasar duniya ta Tokyo a 2025 ta ɗauke zinaren mita 400 na maza ta hannun Collen Kebinatshipi, ta haɗa da na miƙa sanda.

Ɓangaren 'yan mata ya fi kowanne saurin mutuwa. A firamare suna gudu, wasu ma su fi mazan ajinsu, amma da an shiga babbar sakandare sai a daina, kuma hujjar da ake kawowa ita ce sutura da idon jama'a. Hujjar tana da nauyi a wurin iyaye, ba abin rainawa ba ce. Sai dai Salwa Eid Naser, haifaffiyar Najeriya da ke yi wa Bahrain gudu, da hijabi da suturar da ta rufe jiki ta ci gasar matasa ta duniya a 2015, kafin ta yi 48.14 a Doha a 2019. Makarantar 'yan mata mai katanga da malamar wasanni ta isa a fara. Mata ma a duniya sai 1964 aka bar su suka yi wannan tsere a Olamfik.

Ni a ganina ana ɗora wa rashin fage mai daɓen roba laifin da ba nasa ba. Har zuwa shekarun 1960 a kan ƙasa da gawayi zakarun duniya ke gudu. Makarantar da ba ta da wurin mita 400 tana iya samun na 200: miƙe biyu na mita 50, kwana biyu na mita 50, a kafa turke a tsakiyar kowace kwana, a ɗaura igiya mai tsawon kusan mita 16 a zana ta, yaro ya zagaya sau biyu. A gasar cikin ɗaki haka ake yi, kuma a irin wannan fage Sunday Bada ya ci kofin duniya a Faris a 1997. Tef ɗin awo irin na magina ya wadatar, a binne duwatsu a kusurwoyi don kada baɗi a sake aune da taku. Agogo kuwa yana cikin kowace wayar da ake sayarwa a Farm Centre. Lokacin da aka ɗauka da hannu yakan fi na na'ura sauri kaɗan, shi ya sa masu lissafin gudu ke ƙara masa sakan 0.14 a mita 400. Malami ya ƙara wannan, ya rubuta a littafi da sunan yaro da shekarunsa da kwanan wata, ya ajiye a ofishin shugaban makaranta inda kocin jiha zai same shi in ya zo.