Katunan Esther Howland: Gwanintar Haɗi a Kan Takarda

Irin katin da Esther Howland ta yi suna da shi bai fi tafin hannu girma ba sosai. A samansa akwai farar takarda da aka huhhuda, ganye na bin ganye, fure na riƙe da fure, siraran jijiyoyi ne kawai suka haɗa su. A tsakiya an bar taga, ta cikinta ana hango ɗan hoto mai launi: damin furanni, ko kurciya, ko yaro riƙe da kwando. Idan ka karkata katin ka dube shi ta gefe, sai ka ga farar takardar ba ta kwanta a kan ta ƙasa ba. Wasu 'yan guntayen takarda da aka ninka gaba da baya ne suka ɗaga ta, suka bar fili tsakanin sama da ƙasa, inuwa ta samu wurin zama. Sai ka buɗe katin kafin ka tarar da rubutu, shi ma ɗan gajeren baiti ne a kan wata 'yar takarda da aka liƙa a ciki.

Irin waɗannan katuna suna nan a gidan adana kayan tarihi na Metropolitan da ke New York, da kuma cibiyar American Antiquarian Society da ke Worcester a jihar Massachusetts, garin da aka haifi Esther a 1828. Mahaifinta yana da babban kantin littattafai da kayan rubutu a garin. Ta gama karatu a makarantar mata ta Mount Holyoke a 1847, kuma a wannan tsakani ne wani katin ranar masoya da aka yi a Ingila ya faɗo hannunta. Ta dube shi ta ga za ta iya. Ta sa mahaifinta ya yi mata odar takardar leshi da 'yan hotunan ado, ta haɗa samfura kaɗan, ɗan'uwanta ya tafi da su yawon tallan kayan kanti. Labarin da ake bayarwa shi ne, ta sa ran cinikin dala 200, sai ya dawo da odar dala 5,000. Lokacin ma ya taimaka mata: a 1845 aka rage kuɗin aika wasiƙa a Amurka, a 1847 aka fara buga kan sarki a ƙasar, aika saƙo ta gidan waya ya zama abin da mai ƙaramin ƙarfi zai iya.

Abin da ya kamata mai duba aikinta ya fara sani shi ne, kusan babu wani yanki na katin da ita ta ƙirƙira da hannunta. Takardar leshin daga Ingila take zuwa. A can ne, a 1834, wani mai sana'ar takarda a Landan, Joseph Addenbrooke, ya gano cewa idan aka danna takarda a kan ƙarfe mai sassaƙa har zanen ya taso, sannan aka bi tudun da magagari a hankali, wuraren da suka taso za su cinye su zama huji, sauran takardar ta tsaya kamar saƙa. 'Yan hotunan nan masu launi kuwa bugaggu ne, an yanko su da ƙarfen yanka mai siffar abin da aka zana, ana sayar da su da yawa, mafi yawansu daga Turai. Takarda mai ruwan zinariya, zaren siliki, gam, duk na saye ne. Esther ba mai zane ba ce. Gwaninta ita ce haɗi: wane abu zai hau kan wane, me za a rufe, me za a bari ido ya hango. Ni a nawa ganin wannan fasaha ce cikakkiya, kuma ita ce ta sa katunanta suka fi na mutane da yawa da suka yi aiki da kaya iri ɗaya da nata.

Dubi yadda take sarrafa launi. Farar takardar leshi a kan farar takarda ba ta da murya, duk wahalar da aka sha wajen huda ta sai ta ɓace. Esther takan sa 'yan guntayen takarda masu ƙyalli, ja ko shuɗi ko kore, a ƙarƙashin leshin, daidai inda hujin ya fi kyau. Duk macen da ta taɓa kai leshi wurin tela ta san wannan: shafin da aka sa a ciki shi ke fito da zanen, kuma idan aka yi kuskuren launinsa an kashe yadin. Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta cika shimfiɗa launin ko'ina ba. Takan sa shi a kusurwoyi ko a kewayen taga, ta bar sauran fari, don idon mai kallo ya bi hanyar da ta shata masa har ya isa tsakiya.

Sai kuma maganar ɗagawa. Kati abu ne da dole ya shiga ambulan, ya sha matsa a jakar ɗan aike, ya isa lafiya. Saboda haka tudu da kwari abokan gābarsa ne. Waɗannan 'yan ninkakkun takardu da ke ƙarƙashin leshi su suka warware matsalar: a cikin ambulan suna kwantawa, da an zaro katin sai su miƙe su ɗaga saman. A wasu katunan hawa biyu ne ko uku, kowane da tagarsa, na ƙasa ya fi na sama ƙanƙanta, sai ka ji kamar kana leƙa ɗaki ta ƙofar zaure. Ba ita ta fara wannan dabara a duniya ba, masu sana'ar Turai sun san irinta. Amma ita ce ta mai da ita abin da ake samu a kantin unguwa a Amurka, kuma ta yi ta da tsabtar hannu.

Ajiye baiti a ciki, maimakon a fuskar kati, shi ma zaɓi ne mai ma'ana. A zamanin da katunan zolaya da cin mutunci suka cika kasuwa, ana aika su ba suna don a muzanta maƙwabci, nata katunan suna da kunya. Kowa a gida zai iya ganin adon, amma maganar ta wanda aka aika wa ce. A 1879 kamfaninta, New England Valentine Company, ya buga ɗan littafi mai baitoci fiye da 100 cikin launuka daban-daban, don wanda ya ga katin da yake so amma kalmomin ba su yi masa ba ya yanko wasu ya liƙa a kai. Wannan ya nuna ta san inda ƙarfinta yake. Baitocin su ne mafi rauni a aikin, yawancinsu kalaman so ne da aka saba ji, kuma ta yi daidai da ta bar wa mai saye ikon canza su.

Akwai tambayar da ba za a tsallake ba: shin aikin hannu ne? Da oda ta yi yawa, Esther ta ɗauki 'yan matan garin, ta zaunar da su a dogon tebur a saman benen gidansu. Wannan ta yanka, ta gaba ta shimfiɗa launi, wata ta liƙa hoto, wata ta sa baiti, ita kuma ta duba kafin kati ya fita. Daga baya har gida ake kai wa wasu mata akwatin kaya da samfuri, su haɗa a dawo a karɓa. An yi wannan shekaru da dama kafin Henry Ford ya jera ma'aikatansa a layi. Aikin hannu ne, amma hannuwa da yawa, kuma a bayan katin harafi ɗaya ake gani, jan H, daga baya kuma haruffan kamfani. Wannan yana damuna duk lokacin da aka kira ta uwar katin masoya na Amurka. Ta cancanci yabo, ta ba mata aikin da ake biya a lokacin da irinsa ya yi ƙaranci. Sai dai daidaiton da muke yabawa, gam da bai tsallake layi ba, leshin da bai yage ba, na yatsun waɗannan mata ne. Kuma a kusa da ita, a Grafton, iyalin Taft ma suna wannan sana'a, har ta haɗa gwiwa da Edward Taft a ƙarshe.

Aibin da na fi gani a aikin shi ne cunkoso. A cikin katuna masu tsada akwai waɗanda aka ɗora wa komai: zinariya kan leshi, fure kan zinariya, siliki kan fure, har ido ya rasa inda zai sauka. Mai saye yana son a ga kuɗinsa, ita kuma 'yar kasuwa ce. Masu haɗa kati a yau, da ke da na'urorin yanka irin su Sizzix da Cricut a kan teburinsu, suna fuskantar jaraba iri ɗaya, haka ma masu buga katin gayyatar biki mai hujajjen bango da ake yayi a garuruwanmu. Tunda na'ura ta sauƙaƙa yanka, sai a yi ta ƙari. Ƙananan katunan Esther, masu leshi ɗaya da launi ɗaya da hoto ɗaya, su ne suka fi tsufa da kyau, kuma su zan nuna wa mai koyo.

Ba katin masoya kaɗai ta yi ba, ta yi na Kirsimeti da na sabuwar shekara da na zagayowar ranar haihuwa, kuma an ce cinikinta ya kai dala 100,000 a shekara. A farkon shekarun 1880 ta sayar da sana'ar ga George C. Whitney don ta kula da mahaifinta da ya tsufa. Ta rasu a 1904 a Quincy, ba ta taɓa aure ba. Whitney ya sayi injuna ya riƙa yin takardar leshi da kansa a Worcester maimakon jiran jirgin ruwa daga Ingila. Kati ya yi araha ya wadata, rabon injin ya ƙaru, na tebur ya ragu. Kamfaninsa ya ci gaba har 1942, lokacin da ƙarancin takarda na Yaƙin Duniya na Biyu ya sa ya daina.