Tsokaci a Kan Tsofaffin Motocin Tsere a Matsayin Ayyukan Fasaha

A shekarar 2019 wata kotu a birnin Bologna na ƙasar Italiya ta yanke wani hukunci wanda ya cancanci manazarta su tsaya a kansa. Kamfanin Ferrari ne ya shigar da ƙara, yana neman a hana wasu ƙera kwaikwayon tsohuwar motarsa ta tsere mai suna 250 GTO. Kotun ta biya masa buƙata bisa hujjar cewa motar aikin fasaha ce, don haka doka za ta kāre ta kamar yadda take kāre zane ko sassaƙa. Mu dai ba alƙalai ba ne, kuma ba za mu ja da hukuncin ba. Abin da ya dame mu shi ne tambayar da kotun ba ta da hurumin amsawa, wato idan har mota fasaha ce, to a ina fasahar take zaune? A ƙirar jiki ne, ko a fenti, ko kuwa a gudu?

Bari mu fara da ita 250 GTO ɗin. Guda 36 kacal aka ƙera tsakanin 1962 da 1964. Injiniya Giotto Bizzarrini ne ya fara aikinta, da ya bar kamfanin a 1961 sai Mauro Forghieri da Sergio Scaglietti suka ƙarasa. A maƙerar Scaglietti da ke Modena aka riƙa bugun fallayen alminiyam da guduma har suka ɗauki siffa, shi ya sa da wuya a sami biyu da suka yi daidai da juna ta kowace fuska. Duk wanda ya dubi hotonta zai ga dogon hanci mai sunkuyawa ƙasa, da 'yan kafofi uku a samansa, da baya wanda aka datse aka ɗan ɗaga leɓensa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka yi don ado. Hancin ya sunkuya ne don ya ratsa iska, kafofin na shigar da iska ne ga inji mai silinda 12 kada ya yi zafi, leɓen baya kuwa yana danne motar a ƙasa idan gudu ya kai gudu. Da wannan siffa Ferrari ya ci gasar duniya ta ajinta shekara uku a jere. A tamu fahimtar, kyan motar ya samu ne daga matsi, kamar yadda ma'aunin waƙa da amsa-amo kan matsa wa marubuci har ya zaƙulo kalmar da ba zai taɓa samu ba da an sake masa mara. Maƙeran Modena ba su zauna da niyyar yin abin kallo ba. Nasara suke nema, kyau ya biyo ta a baya, kuma sunayen mafi yawan masu riƙe da gudumar ba su shiga bakin duniya ba.

Akwai hanya ta biyu wadda ta sha bamban da wannan, ita ce a ɗauko motar tsere a miƙa wa shahararren mai zane. Wani Bafaranshe mai suna Hervé Poulain, wanda sana'arsa gwanjon kayan fasaha ce kuma yana taɓa tsere, shi ya kawo wannan dabara a 1975. Ya shawo kan abokinsa Alexander Calder, Ba'amurke, ya tsara wa wata BMW 3.0 CSL launuka domin ta shiga tseren sa'a 24 na Le Mans a Faransa. Zaɓen ya dace, domin Calder ya yi suna ne da sassaƙe-sassaƙen ƙarfe da ake ratayewa iska na juya su, ke nan motsi ba baƙonsa ba ne. Ya shimfiɗa ja da rawaya da shuɗi da fari a manyan fannoni waɗanda ido zai iya kamawa daga nesa. Sai dai motar ta lalace tun kafin a kai rabin tseren, ba ta kuma sake shiga wani ba. Calder ya rasu a shekarar da ta biyo.

Frank Stella ya biyo a 1976 da layuka baƙi a kan fari, kamar takardar da injiniyoyi ke zane a kanta. Roy Lichtenstein ya zo a 1977 da ɗige-ɗigensa da hoton hanya da rana, motarsa kuma ta zo ta tara. Ba za mu daɗe a kansu ba. Dukkansu uku a kan ƙaramin samfuri suka yi aiki, wani gwanin fenti mai suna Walter Maurer ya mayar da shi jikin mota. Aikin Stella musamman na mai tsayawa kusa ne ya ƙura ido. Ƙananan layuka irin waɗannan, idan mota ta wuce kamar walƙiya, me ɗan kallo zai gani in ban da toka-toka?

Wanda ya fahimci matsalar sosai, a namu ganin, shi ne Andy Warhol a 1979. Shi ya ƙi tsayawa ga samfuri. Ya sa rigar aiki, ya ɗauki buroshi, ya shafe BMW M1 da hannunsa cikin ƙasa da rabin sa'a, har ya riƙa jan yatsa a cikin ɗanyen fenti, da yatsan kuma ya rattaba sunansa a bayan motar. Idan aka same ta a tsaye, aikin sai ya yi kama da na mai gaggawa: ja da kore da shuɗi da rawaya sun shiga juna ba iyaka, sawun buroshi a fili. Mai neman tsafta zai ce ɓarna ce. Amma Warhol ya bayyana cewa gudu yake son nunawa, domin abin da ke gudu layukansa da launukansa narkewa suke yi a ido. Wato ya zana motar yadda za a gan ta a fili, bai zana ta yadda za a gan ta a ɗaki ba. Ta shiga Le Mans a shekarar da aka sha ruwan sama, Poulain da Manfred Winkelhock da Marcel Mignot suna karɓa-karɓa, ta zo ta shida. Wannan ne karo na farko kuma na ƙarshe da ta yi tsere. Tun daga ranar galibi a tsaye take, kuma abin takaici shi ne a tsayen ne aibinta yake fitowa.

A nan ne ɗalibin adabi zai ji kamar ya san zancen. Mun sha faɗa a aji cewa waƙar baka idan aka kwashe ta aka zuba a takarda, baitoci sun tsira amma kiɗa da amshi da murya da hayaniyar taro sun tafi. Haka motar tsere take a gidan adana kayan tarihi. Siffa tana nan, amma rurin inji da ƙaurin mai da tsoron da ke kama ɗan kallo idan ta doshi kwana duk babu. Abin da ake nuna mana matani ne, ba a nuna mana aiwatarwa. Ba mu ce matani ba shi da amfani ba, ai da shi muke cin abinci, amma bai kamata a sayar mana da shi da sunan cikakkiyar waƙa ba.

Kasuwa kuwa ta fi son matanin. A 2018 an sayar da wata 250 GTO a gwanjo a kan dala miliyan 48.4, alhali tana sabuwa dala 18,000 ce a Amurka. A 2022 Mercedes-Benz ya sayar da ɗaya daga cikin motoci biyu masu rufi da Rudolf Uhlenhaut ya ƙera a 1955 a kan tsarin 300 SLR, kuɗinta Yuro miliyan 135. Wannan mota ba ta taɓa shiga tsere ba, kuma dalilin ba mai daɗin ji ba ne. A Le Mans na 1955 wata 300 SLR marar rufi da Pierre Levegh ke tuƙawa ta yi tsalle ta tarwatse cikin 'yan kallo, shi da mutum fiye da tamanin suka halaka, a ƙarshen shekarar kamfanin ya janye daga tsere. Wanda ya tsaya gaban wannan azurfar mota ƙarƙashin fitilu yana yaba santsin jikinta, da wuya a tuna masa da wannan. Ɗakin nuni yakan wanke abu ya raba shi da jininsa. Nazarin da ya tsaya ga siffa kaɗai ya taya shi wankin.

Duk da haka ba za mu yi wa masu tara motocin kuɗin goro ba. Ba don su ba, da yawancin waɗannan motoci sun daɗe da zama tarkace, domin a zamaninsu motar da ta daina cin tsere ba ta da wata daraja. Cikinsu kuma akwai waɗanda ba su yarda da ɗaure dukiyarsu ba. Nick Mason, makaɗin gangar ƙungiyar Pink Floyd, ya sayi tasa 250 GTO a ƙarshen shekarun 1970, kuma an sha ganinta tana gudu a Goodwood ta Ingila, inda tun 1998 ake taron shekara-shekara na tseren tsofaffin motoci. A can sukan gogi juna, wani lokaci a yi karo, a kai wa maƙeri ya sake bugawa. Masu kishin adanawa suna ganin wannan ganganci ne, tunda kowane gyara yana rage wani abu daga bugun hannun mutanen Scaglietti, kuma ba za mu ce ba su da hujja ba. Mu dai da za a ba mu zaɓi tsakanin mu shiga ɗakin da aka killace ta da igiya, ko mu tsaya bakin shinge a Goodwood ta wuce mu cikin daƙiƙa biyu, bakin shingen za mu nufa.