Yohanna ko Yahaya: Sunayen Littafi Mai Tsarki a Kunnen Mutanen Zango

A unguwannin Nima da Maamobi cikin birnin Akra, Hausa ce harshen kasuwa da na bakin titi, ko da yake da yawa daga cikin masu yinta ba Hausawa ba ne. Akwai Zabarmawa da Kotokoli da Mosawa, akwai kuma mutanen arewacin Gana, irin su Frafra da Kusasi. Musulmi ne suka fi yawa, amma masu bi suna zaune a tsakaninsu, gida ɗaya, famfo ɗaya, majami'ar Katolika ta St. Kizito kuwa tana cikin Nima kanta. Saboda haka Littafi Mai Tsarki na Hausa yakan gamu da gwaji a nan wanda ba ya gamuwa da shi a ƙauyen da kowa Kirista ne. Abin da aka karanta da ƙarfi a sujadar asuba, maƙwabci yana ji ta taga, yana kuwa da nasa sani a kan mutanen da ake ambata.

Juyi biyu ne suka daɗe a hannun masu bi. Na fari shi ne na 1932, wanda aka buga a Landan, wanda kuma Likita Walter Miller na mishan CMS a Zariya ya ba da ƙarfinsa a kai shekaru da yawa tare da abokan aikinsa. Kafin wannan, J. F. Schön ya riga ya fitar da Bisharar Matta a 1857 da Sabon Alkawari a 1880, shi da ya koyi Hausa mai yawa daga bakin Dorugu, yaron da Heinrich Barth ya kai Ingila. Na biyu shi ne juyin 1980 na Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Nijeriya. Wanda ya ajiye su kusa da juna zai ga bambanci tun daga jerin littattafai. Matta ya zama Matiyu, Kubawar Shari'a ta zama Maimaitawar Shari'a, Ru'ya ta Yohanna ta zama Wahayin Yahaya. Yesu Kristi kuma ya zama Yesu Almasihu.

Niyyar masu juyin 1980 a fili take, mai kyau ce kuma. Sun so Bahaushe ya buɗe littafin ya tarar da sunayen da ya sani tun yana ƙarami. Wannan hanya ba sabuwa ba ce, gama juyin 1932 ma ya ce Allah, ya ce Ibrahim da Musa da Yusufu. Masu aikin 1980 sun ƙara taku ne a kan turbar da aka riga aka share. A kan Almasihu sun yi daidai. Kalmar Kristi daga Helenanci take, Almasihu kuwa ɗan'uwan kalmar Ibrananci ne, ma'anar duka biyu ita ce shafaffe, wato wanda aka keɓe ta wurin zuba masa mai kamar yadda Sama'ila ya yi wa Dawuda. Mutane da yawa sukan ɗauka Kristi sunan mahaifi ne ko na dangi. Almasihu kuwa ko malamin makarantar allo a Maamobi ya san laƙabi ne, gama yana cikin Alƙur'ani, da haka zance yakan sami wurin farawa.

A Akra dai lissafin yana da wani gefe. Mutanen Ga sun sami Littafi Mai Tsarki cikin harshensu a 1866 ta hannun Johannes Zimmermann, masu Twi kuma a 1871 ta hannun J. G. Christaller, dukansu na mishan Basel. A harsunan nan biyu Yesu Kristo ake cewa, an kuma rubuta shi a jikin motocin haya da ƙofofin shaguna ko'ina cikin birni. Ga saurayin da ya zo daga Bolgatanga ya ba da gaskiya a ikkilisiyar masu Twi, Almasihu ne baƙon suna, sai an bayyana masa. Wannan ƙaramar wahala ce, mai bishara yakan warware ta cikin minti biyu.

Babbar wahala tana wurin Yahaya. A Sabon Alkawari na Helenanci suna ɗaya ne ga mai baftisma ɗan Zakariya da kuma manzo ɗan Zabadi, masu juyi kuwa suka bi wannan, suka kira su duka Yahaya. Ga mai baftisma akwai hujja, domin Suratu Maryam, sura ta 19, ta ba da labarin Zakariya da ɗan da aka ba shi cikin tsufa, duk Zango kuwa sun san shi da Annabi Yahaya. Amma manzon ba ya cikin Alƙur'ani da suna. Idan aka ce wa maƙwabci za a karanta daga Bisharar Yahaya, abin da zai fahimta shi ne Annabi Yahaya ya rubuta ta. Wannan kuwa ba ya yiwuwa, gama Hirudus ya sa an fille kan mai baftisma tun Yesu yana cikin hidimarsa, bisharar kuma tana ba da labarin gicciye da tashi daga matattu. Sunan da aka zaɓa don a kusato da mai ji, shi ne ya sa shi cikin kuskure, yara masu zuwa makarantar Lahadi ma sukan haɗa mutanen biyu.

Akwai kuma hasarar ma'ana. Yohanna daga Ibrananci yake, ma'anarsa Ubangiji ya yi alheri. Luka sura 1 ta nuna yadda dangi suka so a sa wa jaririn sunan ubansa, Alisabatu ta ƙi, Zakariya kuma da yake bebe ne a lokacin ya roƙi allo ya rubuta sunan da mala'ika ya faɗa. Nauyin labarin yana kan sunan nan da abin da yake nufi ga tsofaffi biyu marasa ɗa. Kiristocin Larabawa, waɗanda suka zauna da Musulmi fiye da shekara dubu, sun riƙe Yuhanna ga mutanen biyu, kamar yadda suka riƙe Yasu'u. Masu juyin 1980 sun bar Yesu bai zama Isa ba, sun san kuwa dalilinsu, da ma sun yi wa manzon irin wannan tunani. Juyin Sabon Rai Don Kowa da ya zo daga baya ya koma ga Yohanna.

Suna ɗaya kuma ba ya nufin labari ɗaya, juyi kuwa ba shi da ikon gyara wannan. Ranar Babbar Salla, sa'ad da raguna suka cika lungunan Nima, yawancin maƙwabta suna tunawa da Isma'ila ne, Farawa sura 22 kuwa Ishaku ta ambata. Yusufu na Farawa 37 zuwa 50 da Yusufu na sura ta 12 ta Alƙur'ani sun yi tarayya a rijiya da riga da kurkuku da mafarkin sarki, amma kowane littafi yana da inda ya nufa da labarin. Mai bi da ya ji sunan da ya saba da shi a bakin maƙwabci har ya ɗauka sun riga sun yarda da juna, zai sha mamaki. Wanda ya karanta surorin da kansa zai iya faɗin abin da ke ciki a natse, ba tare da gardama ba.

Abu na ƙarshe da ya kamata a auna shi ne Hausar kanta. Juyin 1980 Hausar Kano ce mai tsabta, ta fi ta 1932 sauƙin karatu nesa ba kusa ba. Hausar Zango kuwa ta bi tata hanya, da yawa ba sa bambanta ya da ta, sun kuma ɗebo kalmomi daga Twi da Turanci. Labaran Farawa da misalan Yesu suna shiga kunnensu ba wuya. Wasiƙar Romawa da ta Ibraniyawa kuwa, da kalmomi irin su barata da fansa da tsarkakewa, sai mai karatu ya tsaya a kan kowace aya ya sāke faɗinta da Hausar da ake sayen koko da ƙosai da ita a bakin kasuwar Nima.