Karen da ke dawowa in an kira shi

Mafarautan ƙasar Damagaram ba su cika yabon kare don gudunsa ba. Gudu kowane karen bola yana da shi, ko yaro ya ɗaga dutse sai ka ga ƙura. Abin da suke tambaya shi ne, yana jin kira? Malaman Malikiyya ma, da suke bayanin aya ta 4 ta Suratul Ma'ida wadda ta halatta abin da horarren kare ya kamo, a nan suka ajiye alamar horo: a tura shi ya tafi, a tsawata masa ya tsaya. Tafiyar halittarsa ce. Tsayawar kuwa, nan gwanintar mai kare take.

Aikin ya fi wuya idan karen tsintacce ne, irin wanda ya tashi a bayan mahauta ko a lungunan unguwar Zango ta birnin Zinder, ya sha jifa har ya koyi waiwaye. Hankalinsa a rabe yake: ƙarar babur, kukan akuya, warin ƙashi, duk suna ja. Gwanin mahalbi ba ya gaggawar kai shi dawa, ya san ba a kiwon kare ranar farauta. Bayan allurar ciwon hauka, sai ya ɗaure shi a inuwa, ya hana kowa ba shi abinci. Shi kaɗai zai tsuguna, ya gutsuri tuwon gero, ya yi fito sau ɗaya, ya jira. Kare ya duba kaji, ya duba ƙofa, ya shinshina ƙasa. Mahalbi ko motsi. Da zarar idon kare ya faɗo kan fuskarsa, loma ta shiga baki. Wannan jiran ne ya fi burge ni, don yawancinmu da tuni mun maimaita fiton sau goma, mun koya wa karen cewa fito iska ce kawai.

Daga tsakar gida sai ƙofar gida, daga nan sai bayan gari da doguwar igiya, da sanyin safiya, kuma a taƙaice, kafin ya gundura. Duka ba ya cikin tsarin: karen da aka kira ya zo ya sha sanda, gobe ba zai zo ba. Babbar jarrabawa ita ce garken awaki, domin wanda karensa ya yaga akuyar mutane shi ne da biya, ga jin kunya gaban mai unguwa.

A Ingila, a 1978 aka fara nuna wasan tsallake shinge da kutsa rami a bikin karnuka na Crufts. Zinder ba ta rasa shinge ba, ga manyan duwatsun nan da suka kewaye unguwar Birni, inda kare ke koyon hawa da dira a bayan ubangidansa.

Sai kaka ta wuce, an yanke gero, fili ya buɗe, ake haɗa shi da tsohon kare a fita neman zomo wajen garin Mirriya. Tsohon ya tsaya, sabon ya tsaya. A kan hanya mahalbi yakan durƙusa ya ɗaga ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya yana cire ƙarangiya daga tsakanin yatsu, tun ba ta sa shi ɗingishi ba.