Ƙaranci da Nasara Mai Tsada a Wasannin Tebur na Bayan Rushewar Duniya

Daga cikin rassan wasan kwaikwayon tebur, wato wasan da mutum huɗu ko biyar ke zama su ƙaga labari da baki, kowa yana riƙe da tauraro guda, jagora yana riƙe da sauran duniyar, ƙwayar lido kuma tana yanke hukunci a duk inda aka yi shakka, akwai reshen da ya sha suka, shi ne wanda ke kafa labarinsa bayan yaƙin nukiliya ko annoba sun rusa birane da hukumomi. Masu sukar iri biyu ne. Na waje suna cewa sha'awar kango da gawawwaki ce kawai aka mayar nishaɗi, na cikin gida kuwa, waɗanda su ma 'yan wasa ne, suna cewa ƙidayar harsashi da ruwan sha da man mota aikin akawu ne da ke kashe labari. Dukkansu sun kasa bayyana abin da duk wanda ya daɗe a harkar ya sani, wato cewa zaman da 'yan wasa ke ci gaba da ba da labarinsa bayan shekaru, sau da yawa a kan wannan ƙidayar da ake rainawa ya ginu.

Tarihin reshen gajere ne. Kamfanin TSR na Amurka ya fitar da Dungeons & Dragons na Gary Gygax da Dave Arneson a 1974, ya biyo da Metamorphosis Alpha na James M. Ward a 1976, sannan Gamma World na Ward da Gary Jaquet a 1978, wanda ya cika kangon Amurka da halittun da tururin nukiliya ya jirkita. The Morrow Project ya fito a 1980, Aftermath! a 1981, Twilight: 2000 na Frank Chadwick a 1984, a shekarun da yaƙin cacar baka tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet ya yi zafi har fim ɗin talabijin The Day After na 1983 ya girgiza masu kallo. Mutanen da suka rubuta waɗannan wasanni suna zaune ne da fargabar makamai masu linzami, kuma wannan kaɗai ya isa amsa ga zargin sha'awar gawawwaki, domin abin da suke tsoro shi suka ɗora kan tebur.

Zargi na biyu ya fi cancantar a tsaya masa, kuma Twilight: 2000 yana cikin wasannin da ake jifa da shi. Labarinsa yana farawa ne a Polan a shekarar 2000, bayan an tarwatsa rundunar sojan ƙasa ta biyar ta Amurka a kusa da garin Kalisz, inda saƙon ƙarshe daga hedikwata ya sallami sojojin kowa ya yi ta kansa. Fetur ya ƙare a nahiyar, saboda haka 'yan wasa suna tafe da tukunyar tace barasar da ake zuba wa mota a madadinsa, wadda ake dafawa daga itace ko daga hatsi, kuma dahuwar tana cin kwanaki. Wanda ya kalli jadawalin da ke lissafa wannan zai ga lambobi zalla, amma wanda ya zauna a teburin zai ga cewa kowane kwanan da aka tsaya dahuwa kwana ne da 'yan fashi za su iya riskar ayari, kuma buhun hatsin da aka zuba a tukunya shi ne wanda manoman ƙauyen da aka sauka suke dogaro da shi su kai ƙarshen hunturu. Jagora bai shirya wata ƙulla-ƙulla ba, lissafin da kansa ya sa mutum biyar masu bindiga gaban tambayar ko su saya, ko su yi aiki a biya su, ko su ƙwace. Gaskiya ne cewa dokokin 1984 sun yi nauyi, kuma bugu na huɗu da kamfanin Free League na Suwidin ya fitar a 2021 ya rage shi sosai, sai dai bai taɓa ƙarancin ba, domin masu tsara shi sun san nan ne ran wasan yake.

Dabarar da ta kai wannan fahimta matuƙa ita ce ta Apocalypse World, wanda D. Vincent Baker ya wallafa a 2010, ya sake bugu na biyu tare da Meguey Baker a 2016. Dokar tasa ba ta da wuya: idan tauraro ya yi abin da ke da haɗari, mai shi yana jefa ƙwaya biyu masu fuska shida-shida, ya haɗa da makin halinsa. In jimillar ta kai 10 ko fiye, ya yi nasara. In ta tsaya a 6 ko ƙasa, jagora ya samu damar sauko masa da masifa. In kuwa ta faɗa tsakanin 7 da 9, ya samu abin da yake so amma sai ya biya wani abu, ko ya samu rabi, ko a ajiye masa zaɓi biyu da babu mai daɗi a cikinsu. Ƙwaya biyu suna iya faɗuwa ta hanya 36, kuma 15 daga ciki suna ba da 7, 8 ko 9, yayin da 6 kacal ke ba da cikakkiyar nasara. Ko tauraron da ke da ƙarin maki ɗaya, hanya 16 ce ke kai shi tsakiya, 10 sama, 10 ƙasa. Ma'ana dai an gina wasan ne ta yadda abin da zai fi faruwa da mutum shi ne ya ci, amma cin ya zo da asara.

Bambancin wannan da tsarin Dungeons & Dragons, inda ƙwaya mai fuska 20 ke cewa sara ya samu ko bai samu ba, ya wuce batun lissafi. A can, idan jifa ya kuskure, yawanci babu abin da ya sauya, sai a jira zagaye na gaba. A nan kuwa babu jifan da ke barin duniya yadda ya same ta. A ɗauka direban ayari yana ƙoƙarin tsallake gadar da ake harbi a kanta, da tankin ruwa a baya da abokinsa mai rauni a gefe, sai jifansa ya ba da 8. Jagora zai ce masa zai tsallake, amma ko dai ya kwance tankin don motar ta yi sauri, ko ya tafi a hankali harsashi ya sake samun abokin. Abin lura shi ne hukuncin ya bar hannun ƙwaya ya koma bakin ɗan wasa, kuma mai riƙe da tauraron da ke da raunin yana zaune a gefensa yana jin abin da zai ce. Gobe kuma mai garin da ya aike su, wanda shi ma ɗan wasa ne, zai tambayi ina ruwan. Mutum yakan manta lambar da ƙwaya ta ba shi, amma da wuya ya manta ranar da ya zaɓi tanki a kan aboki a gaban abokin.

A Apocalypse World, har tattalin arzikin gari an sa shi a wannan ma'auni. Wanda ke riƙe da mai gari yana jifa a farkon kowane zama, kuma in ya faɗa tsakiya sai garin ya samu rara tare da wata buƙata da ta taso, yunwa ko cuta ko tarzoma, gwargwadon yadda aka tsara garin tun farko. Mai magani yana da jaka mai kaya ƙididdigaggu da ke raguwa duk lokacin da ya ɗinke wani, don haka tambayar wa za a yi wa magani ba ta rabuwa da shi. Masu cewa jagora gwani zai iya kawo duk wannan da dabararsa a kowane wasa sun manta cewa asarar da jagora ya ƙaga ana ɗaukarta a matsayin mugunta, wadda doka ta kawo kuwa kowa ya amince da ita tun kafin a jefa ƙwaya. Shi ya sa littafin ya hana jagora tsara ƙarshen labari, ya umarce shi ya riƙa yi wa 'yan wasa tambayoyi yana gini a kan amsoshinsu.

Idan aka bi wannan zaren, za a ga cewa jigon reshen shi ne rabo da shugabanci, rushewar kuwa hanya ce ta kawar da kotu da kasuwa da 'yan sanda domin a ga yadda mutane za su raba abin da bai isa ba. The Quiet Year na Avery Alder, na 2013, ya nuna haka a fili, domin ba shi da jagora kuma ba shi da taurari. Ana zana taswirar al'umma ɗaya, ana jan karta 52, kowace tana matsayin mako, kala huɗun kuma suna matsayin yanayi huɗu na shekara, har sai an jawo sarkin kalar hunturu wasan ya ƙare nan take, ko an gama rijiyar da ake haƙa ko ba a gama ba. An taƙaita magana ƙwarai, wanda aka yanke shawara ba da yardarsa ba kuwa sai ya ɗauki wata alama ta jin haushi ya ajiye a gabansa kowa yana gani. Mutant: Year Zero na 2014 ma ya sa harsashi ya zama kuɗi, ta yadda duk harbi kashe dukiya ne, ya kuma ba 'yan wasa ikon zaɓen aikin da matsuguninsu zai sa gaba, noma ko katanga.

Gamma World, duk da farin jininsa, ya fi zama Dungeons & Dragons da aka sauya wa dodanni, kuma zamansa da ake tunawa galibi na ban dariya ne, kamar wanda aka tsinci tsohuwar na'ura ba a san gabanta da bayanta ba. The Morrow Project ne ya fara kama jigon sosai tun 1980: taurarinsa ƙwararru ne da aka daskarar da su tare da motoci da magunguna domin su farka 'yan shekaru bayan yaƙi su taimaka wa jama'a, sai suka farka bayan shekara 150, hedikwatar da za ta ba su umarni babu ita. Su ne masu wadata a duniyar da ba ta da komai, don haka ƙarancin yana wajen mutanen da suka tarar, kuma aikin da ke gaban teburin tun zaman farko shi ne yanke shawarar ƙauyen da za a fara buɗe wa akwatin magani da wanda za a ce ya jira.