Ɗakin da Ba a Shimfiɗa ba: Kewar Gida a Littafin The Translator

Yawancin labaran da suka taɓo zaman baƙunci sukan ɗauki kewar gida a matsayin ciwon da komawa ke warkarwa. Leila Aboulela, marubuciyar da ta tashi a Khartum kuma ta koma birnin Aberdeen na Sikotlan a 1990, ta ƙi bin wannan hanya a littafinta na farko, The Translator, wanda ya fito a 1999. A ganina, ƙarfin littafin yana ga yadda ya raba gida da ƙasa, ya ɗaura shi ga lokutan salla.

Tauraruwar labarin, Sammar, 'yar Sudan ce mai aikin fassara daga Larabci a jami'ar Aberdeen. Mijinta Tarig, ɗan'uwanta da aka yi musu auren zumunci, ya rasu a haɗarin mota. Ta kai gawarsa Khartum, ta bar ɗansu Amir a hannun surukarta Mahasen, ta dawo ita kaɗai. Shekara huɗu tana zaune a ɗaki ɗaya mai kama da na majinyaci, ba ado, ba shimfiɗar kirki. Ɗakin nan ya fi duk wani kuka bayyana halinta, domin wanda bai yarda ya iso ba, ba ya kwance kaya.

Ya dace a gwada shi da ɗakin Mustafa Sa'id a littafin Ɗayyib Salih na 1966 kan ƙaura zuwa Arewa. Mustafa ya cika ɗakinsa na Landan da turaren wuta da sandal, ya mayar da ƙasarsa tarkon kama matan Turawa. Shi ya yi kasuwanci da kewa, ita kuwa Sammar ta hana kanta ko da kwaikwayon gida. Duk da haka gidan kan biyo ta ba sallama: wani lokaci ƙarar bututun ɗumama ɗaki takan zo mata kamar kiran salla daga nesa. Marubuciyar ta gane cewa kewa ta kunne da hanci take shiga, kafin tunani ya ankara.

Me ya riƙe Sammar, ta kasa rugujewa? Salla. A garin da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe huɗu a tsakiyar hunturu, salloli biyar su ne shikashikan da yininta ke tsayuwa a kansu. Ba ta iya ɗauko Nilu ta kawo Sikotlan, amma alƙibla tana nan duk inda ta tsaya.

Kashi na biyu ne ya tabbatar da wannan fahimta. Bayan ta nemi Rae, masanin da take yi wa fassara kuma take so, ya musulunta su yi aure, ya ƙi, sai ta koma Khartum. Ga rana, ga dangi, ga ɗanta, amma Mahasen ta ɗora mata alhakin mutuwar Tarig, ita kuma zuciyarta ta fara begen garin sanyin da ta baro. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, in ji Bahaushe. Aboulela ta ƙara da cewa mai komawa ma baƙo ne.

Inda nake da ja shi ne ƙarshen labarin. Musuluntar Rae ta faru a bayan idon mai karatu, wasiƙa ce kawai ta kawo albishir. Bayan an sa mu zauna da Sammar cikin kowace daƙiƙa ta jarrabawarta, bai kamata a taƙaita tafiyar Rae haka ba. Sai dai akwai abin da ya rage wannan rauni: kafin wasiƙar ta iso, Sammar ta riga ta daina roƙon shiriyarsa don amfanin kanta, ta koma roƙa masa don shi kansa. Natsuwarta ta riga zuwansa. Da Rae bai zo Khartum ba ma, da matar nan ta riga ta sami wurin kwance kayanta.